Tankin Madara na Hanyar Rawayya

Litinin, 6 ga Satumba, da hantsi

Tankin sanyaya madara ya mutu, kuma Mannir ne ya kashe shi. Na sa wannan a layin farko don kada nan da mako guda a ce ƙaddara ce.

Mannir shi ne sakataren ƙungiyarmu ta masu tara madara a nan Bungudu. Aikinsa riƙe makulli da rubuta sunaye. Tun kafin azumi dillalin da ya kawo tankin ya aiko da filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, daga Legas, wai sabuwar manhaja. Na ce a ajiye ta, kada kowa ya taɓa sai na tabbatar ta irin na'urarmu ce. Jiya yana zaune, kasuwa a rufe, gwamnati ta yanke sabis ɗin waya a jihar gaba ɗaya, babu abin latsawa, sai ƙarambani ya motsa masa. Ya soka filas ɗin a akwatin tankin.

"Injiniya, ai na ga an rubuta sabuwa ce," in ji shi. "Na ce bari in rage miki aiki."

Madarar jiya duk ta yi tsami. Mai yin yogot na Gusau ba zai karɓa ba.

Inna Tambaya ta iso da matan rugarsu daga bayan Rawayya, kamar kullum. Ɗanta Jibo na biye da tulunan ƙarfe a kan jaki, tunda babu man babur. Ya leƙa akwatin tankin, ya ga fitilar nan ja ta ƙi ƙiftawa.

"Malama Bara'atu, ita ma an yanke mata sabis ne?"

Ya yi dariya shi kaɗai. Na ce su koma da madararsu su kwantar ta zama nono, zuwa jibi in sha Allah.

Talata, 7 ga Satumba, bayan Azahar

An rufe makarantu, saboda haka ba ni da 'yan matan da zan koya wa kwamfuta, ina da wannan abin.

Kwamfutar da ke cikin akwatin ba ta kai tafin hannuna ba. Fanel ne kore guda ɗaya. Ita ke auna sanyi, ita ke ce wa kwamfaresa, injin sanyin, tashi ko kwanta, ita ke raba wutar sola. In an kunna ta, wata 'yar manhaja ce ke fara farkawa, butloda. Aikinta ɗaya ne: ta ɗauko kanal, wato uwar manhajar da ke tafiyar da komai, ta ɗora shi, ta janye.

Na liƙa wayoyi uku a ƙafafun fanel ɗin da dalma, na jona da laftof ɗina don in ga abin da yake faɗa. Butloda ta tashi lafiya. Ta gwada memori, ta ce ta miƙa wa kanal. Daga nan shiru.

A gefen fanel ɗinmu an buga harafin B. Filas ɗin Mannir na masu harafin C ne. An rubuta haka a jikin takardar da aka naɗo shi, da manyan baƙaƙe. Mannir yana da digiri.

Masu ƙera abin ma ba su fi shi ba. Sun goge lambar da ke kan furosesar, ƙwaƙwalwar fanel ɗin, da gangan, don kada wani ya san me suka sa. Mutum ya sayar maka da abu, ya ɓoye maka sunansa. Sai da na shafa ɗan mai na haska tocila a kaikaice kafin na karanto rabin lambar. Ban taɓa jin irinta ba.

Alhamis, 9 ga Satumba, da yamma

Na je Gusau wurin Alhaji Bello, shugaban ƙungiya. Ya bar ni zaune a zaure har shayinsa ya huce.

"To, mi anka ciki da wanga tanki?"

Na yi masa bayani. Ina cikin maganar butloda ya ɗaga hannu.

"Ke dai ki ce ya lalace. Na aika Umaru mai wayarin ya haɗa shi kai tsaye. Firij ne fa, ba jirgi ba."

Kafin in dawo Umaru ya riga ya je. Ya tsallake fanel ya ba kwamfaresa wuta kai tsaye daga batir. Fis ya ƙone, ɗakin na warin roba. Na same shi yana goge hannu yana cewa kayan Turawa ba su da ƙwari. Allah ya sa fis ɗin ne kawai.

Nura, mijina, ya shigo gida da wata riga mai layu da bindigar toka. Wai yanzu yana cikin masu sintirin unguwa. Tun da aka kashe ƙanensa Ahmad a gonarsu ta Wonaka farkon damina bai koma daidai ba, wannan na sani. Amma wannan fa mutum ne da ke kiran maƙwabci ya yanka masa kaza. Ya tsaya gaban madubina yana gyara rawani ya rufe hanci. Na ce ya matsa, inuwarsa na kan fanel ɗin da na taho da shi gida.

Asabar, 11 ga Satumba, da safe

Jibin da na yi alkawari ya wuce.

Inna Tambaya ta zo duk da haka, da mata uku kacal. Ta san tankin bai tashi ba. Ta zauna kan dakalin ƙofa ta sauke ƙwarya. Jibo ya ce an tare su sau biyu a hanya, samari da gora da bindigogi, sun buɗe kowane tulu sun leƙa, ɗaya har ya tsoma sanda.

"Wai ko harsashi muke ɗaukowa cikin madara," ya ce. Yau bai yi dariya ba.

Na ce, "Inna, ku daina wahalar zuwa har sai na aiko."

Ta girgiza kai. "'Yata, ba don madarar ba. In mutane na ganinmu kullum da ƙwarya muna shigowa nan, sun san mu su wa ne. Ran da munka daina zuwa, za a hwara tambayar ina muke, mi muke yi. Ki tada shi."

Na ce zan tada shi. Ba ni da manhajar asali, ba ni da sabis, ba ni da sunan furosesar cikakke. Na ce mata mako mai zuwa.

Litinin, 13 ga Satumba, bayan La'asar, Funtuwa

Sai an bar jihar ake samun sabis. Motar da na shigo cike take da 'yan Zamfara masu zuwa yin waya. Muna wuce iyaka wayoyi suka fara ƙara a aljihu, kowa ya rikice. Ga manyan mutane tsaye ƙarƙashin dalbejiya, hannu sama, suna ihun "kana ji na?"

Na zauna a wani shagon buga takardu na yi bincike har ƙafata ta mutu. Kamfanin da ya ƙera fanel ɗin ya rufe tuntuni. Shafinsu yanzu tallan takalma yake yi. Dillalin Legas ya ɗauki waya ya ce in kashe in sake kunnawa. Na ce masa na gode, hakan bai taɓa zo mini a rai ba.

A duk duniya mutum ɗaya na samu da ya taɓa shiga irin matsalata, wani mai daskarar da kifi a wata ƙasa mai nisa. Ya rubuta a dandalin masu gyara, shekaru da yawa baya. Irin fanel ɗina, irin shirun da nake gani. Mutane sun yi ta ba shi shawara. Saƙonsa na ƙarshe: ya gyara, ya gode. Bai faɗi yadda ya yi ba. Ban san shi ba, amma duk inda yake ina fata kifinsa ya ruɓe.

Daga ƙarshe na tono tushen kanal na wannan furosesar, wato rubutun da ake gina shi da shi, a ma'ajiyar wani ɗalibi da ya kwafe kafin kamfanin ya mutu. Na sauke duka. Sai dai in gina nawa da hannuna.

Talata, 14 ga Satumba, da hantsi, Tsafe

Na kwana wurin Inna, mahaifiyata. An ce hanyar 'Yandoto ba lafiya, direbobi sun ƙi tashi sai an ga motar sojoji ta wuce.

Inna ta tambayi labarin Nura. Na ce yana nan, ya zama soja. Ta dube ni ta ce, "Ki bar raina mutum yana cikin zafi, Bara'atu. Raini ba ya hana shi komi." Na ce ba raini ba ne, bayani ne.

Laraba, 15 ga Satumba, bayan La'asar

Na dawo Bungudu.

Nura ba ya gida. Rigar layun da wandonsa da rawanin suna kan igiya, an wanke. Har takalmin robarsa an wanke an jingine a bango. Shekara shida da aurenmu, ko hula bai taɓa wankewa da kansa ba. Sabulun wankina ya kusa ƙarewa.

Garin shiru. Mai shagon bakin layi ya amsa gaisuwata yana kallon ƙasa.

Na ajiye jaka na wuce ɗakin tanki. Batir ya cika, sola na aiki. Akwai kashin jaki a bakin ƙofa, ya bushe.

Kanal ɗin da zan gina yana buƙatar taswira, wato fayil ɗin da ke gaya masa inda kowane abu yake a kan fanel: ga memori nan, ga ma'aunin sanyi can, ga makunnin kwamfaresa. Taswirar da na samo ta masu C ce. Ta B babu ita ko'ina. Zan bi layukan fanel ɗin da mitar gwajin wuta, ɗaya bayan ɗaya, in zana tawa.

Alhamis, 16 ga Satumba, da safe

Ba wanda ya zo.

Juma'a, 17 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Laftof ɗin nan ya tsufa. Tun safe yake gina kanal, fankarsa na kuka kamar injin niƙa. Ya gama, na ɗora a katin memori, na ce wa butloda ta tashi daga kati maimakon cikin fanel. Ta ce ta miƙa wa kanal. Shiru.

Na sake. Shiru.

Hauwa maƙwabciyata ta shigo aron turmi, alhali tana da biyu. Ta tsaya tana juya taɓarya a hannu.

"Ashe ba ki gari ran Talata. Kin ji abin da ya faru kuwa can bayan..."

Na ce, "Hauwa, dalma ce a hannuna, in na kuskure na ƙona abin da ya fi gidanku tsada."

Ta fita tana tura baki. Mata su zauna babu aiki sai kai magana gida-gida, kamar masu tallan kuka.

Ba wanda ya zo yau ma.

Lahadi, 19 ga Satumba, da rana

Nama ya yi araha a garin nan. An hana kasuwar dabbobi, an hana fita da shanu, amma kowane lungu ƙamshin suya. Gidajen da sai da Layya suke ganin nama yau suna shanya kilishi a kan rufi.

An aiko mana da cinya guda daga gidan shugaban masu sintiri. Wai rabon Nura. Na ce wa matar da ta kawo ta mayar, ba mu da firij. Ta ce ai kowa ya san ni ce mai gyaran firij. Na rufe ƙofa.

Nura ba ya cin abinci. Yana zama gaban tuwo har ya yi fata. Jiya cokali ya faɗi a kicin, ya zabura har ya ture buta. Jarumi.

Matsalar memori ce, ina zato. Masu C suna da memori ninki biyu na namu. Kanal na iya neman wurin zama a inda babu komai. Na rage adadin a taswira. Gini ya sake farawa.

Litinin, 20 ga Satumba, da safe

Shiru. Ba memori ba ne. Ko kuma ba shi kaɗai ba.

Talata, 21 ga Satumba, bayan Azahar

Wawiya ce ni, amma ba ni kaɗai ba.

Na taɓa furosesar bayan an kunna, na ji ta da ɗumi. Abin da ya mutu ba ya ɗumi. Na ɗauko mita na bi ƙafafun fanel, na ga wata ƙafa can gefe tana rawa. Ashe kanal yana tashi tun tuni. Masu ƙera abin sun canza ƙofar da yake magana tsakanin B da C, butloda tana magana ta nan, shi yana magana ta can. Ba su rubuta wannan ko'ina ba. Me zai sa su rubuta? Wa zai buɗe akwatin a Bungudu?

Na mayar da wayoyina can. Rubutu ya zubo, ya cika fuskar laftof. Kanal ya tashi, ya nemi faifan da sauran manhaja ke ciki, bai gan shi ba, ya firgita ya tsaya. Wannan ciwo ne mai suna. Ina iya maganinsa.

Na yi ihu ni kaɗai a ɗakin tanki. Na leƙa waje don in gaya wa wani. Dakalin ba kowa.

Laraba, 22 ga Satumba, da hantsi

Mannir ya zo duba "ci gaba". Ya zauna kan tulun da babu komai yana kaɗa makulli.

"Ni fa Injiniya, ina ganin wahalar banza kike. Ko kin tada shi, wa zai kawo madarar? Rugar su Jibo ai..."

"Miƙo mini sukudireba."

"An ce har..."

"Mai kan tauraro. Ba wannan ba. Mannir, ko sukudireba ma sai an karanta maka?"

Ya miƙo. Ya ƙara zama kaɗan, ya tashi ya tafi. Ya ɓata tanki, yanzu kuma yana so ya zama mai kawo labari.

Faifan yana kan layi na biyu a fanel ɗinmu, ba na farko ba. Lamba ɗaya ce a taswira.

Alhamis, 23 ga Satumba, da yamma

Kanal ya ga faifan. Ya tashi har ƙarshe, ya ba ni wurin rubuta umarni. Amma ya ce sanyin tanki ya kai digiri ɗari biyu da wani abu. Bai san ma'aunin ba. Direban da ke cikin kanal, wato 'yar manhajar da ke karanta ma'auni, na wani irin ma'auni ne daban.

An yi ruwa mai yawa. Dawa ta yi tsayi a hanyar Rawayya har ba a hango komai. Ban ce ina hange ba.

Juma'a, 24 ga Satumba, bayan La'asar

Alhaji Bello ya zo da kansa, da wani baƙo mai sana'ar ƙanƙara a Gusau. Baƙon yana ƙwanƙwasa tankin da zobe yana sauraron ƙarar.

"Bara'atu, harkar madara ta ƙare a wanga yanki," in ji Alhaji. "Mutanen sun tashi. Gara a sai da shi tun yana da daraja."

Na ce, "Sun tashi, Alhaji? Su da kansu?"

Ya gyara babbar riga. "Ni ba ni nan. Ni ɗan kasuwa ne."

Wannan mutumin ne ranar buɗe wurin ya rungume mijin Inna Tambaya gaban masu ɗaukar hoto, ya ce Hausa da Fulani uwa ɗaya uba ɗaya. Hoton na rataye a falonsa, na gan shi ran nan.

Na ce tankin ba zai sayu a mace ba, su ba ni kwana kaɗan. Baƙon ya yarda da sauri. Ya ɗauka don shi nake yi.

Asabar, 25 ga Satumba, da rana

Na cire ma'aunin na karanta lambarsa. Akwai direbansa a cikin tushen da na sauke, an dai kashe shi ne. Na kunna, na sake gini.

Nura ya tsaya a bayana yana kallon rubutu na gudu. Ya daɗe.

"Bara'atu."

"Ina aiki."

Ya tafi. Ya daina fita sintiri. Bindigar na ƙarƙashin gado, na ji ta da tsintsiya.

Lahadi, 26 ga Satumba, bayan Azahar

Ya tashi.

Saura kaɗan in ƙona kwamfaresa, don makunnin a juye yake: in kanal ya ce kwanta sai ya tashi. Na juya shi a taswira. Na kwafe komai daga kati zuwa cikin fanel, na gyara butloda ta san inda za ta samu sabon kanal, na cire wayoyina, na kashe, na kunna. Fitilar ta koma kore. Kwamfaresa ya yi tari ya kama.

Na ɗebo ruwan rijiya na zuba don gwaji. Kafin La'asar ya sauka zuwa digiri huɗu ya tsaya cak.

Babu injiniyan da zai iya wannan daga nan har Sakkwato, ba da sabis ba, ba da takardar kamfani ba. Na liƙe ramin filas da gam don kada Mannir ya sake samun inda zai soka wani abu.

Ina da ruwan rijiya mai sanyi cike da tanki.

Litinin, 27 ga Satumba, da safe

Na share dakalin.

Talata, 28 ga Satumba, da hantsi

Inna Tambaya ta zo.

Ita kaɗai, a ƙasa, babu jaki. Ta ɗauro tulunan ƙarfe biyu na ƙungiya da igiya, ɗaya a ka ɗaya a hannu. Ta rame har awarwaron hannunta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Na tashi zan karɓa, ta ajiye da kanta. An wanke su tas. Ɗaya ya lotsa a gefe, baƙin wuta bai gama fita ba.

"Kayanku ne. Sauran ban gan su ba."

Na ce, "Inna, ki zauna."

Ba ta zauna ba. Ta ji ƙarar kwamfaresa, ta shiga ciki, ta ɗora tafin hannunta a jikin tankin ta bar shi nan.

"Kin tada shi."

"Na tada shi, Inna."

"Jibo ya ce za ki iya. Ya ce wagga malama ba ta da fara'a amma kanta na ja."

Na buɗe baki. Ban san me zan tambaya ba wanda ban riga na sani ba.

Ta ce, "Ran Talata sunka zo, rana tsaka. Ya hito da hannu sama yana kiran sunayensu, don ya san su, nan yake ganinsu. Mun binne shi da mutum huɗu. Shanun an kore. Gobe za mu bi 'yan uwanmu gabas, waɗanda sunka rage."

Na ce Allah ya jiƙansa. Muryata ta fito kamar ta mai karanta sanarwa.

Ta cire hannunta daga tankin ta goge a zane. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ki ce wa maigidanki na gane shi. Ya ruhe huska, amma na san tahiyarsa. Ban ce shi ya harba ba, ban gani ba. Amma shi ya riƙe mini hannu da zan je wurin ɗana."

Na ɗebo mata ruwan tankin a kofi. Ta ce ta gode, ba ta jin ƙishi.

Talata, 28 ga Satumba, bayan Magariba

Na gaya masa. Kalma da kalma, yadda ta faɗa.

Yana zaune bakin gado. Ya kalli hannuwansa.

"Da na sake ta, da ita ma sun harbe ta."

"To ka cece ta kenan. Sai a ba ka lambar yabo."

"Ba ki ga Ahmad ba, Bara'atu. Ni na ɗauko shi daga cikin masara. Ba ki ga abin da suka yi masa ba."

"Jibo ne ya yi masa? Nura, Jibo ne?"

"An ce mutanen na kwana a rugar."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

"Jibo ne ya kashe Ahmad?"

"Ban sani ba."

Ya fara kuka, irin na manya, babu sauti, kafaɗu kawai. Na tsaya ina kallonsa ina jiran raini ya zo mini kamar kullum. Shi ke riƙe ni tsaye tun farkon watan nan. Bai zo ba. Babu abin da ya zo.

Mijina yana cikin waɗanda suka je rugar Inna Tambaya ranar Talata, sha huɗu ga wata, aka kashe Jibo da mutum huɗu. Ga shi na rubuta.

Laraba, 29 ga Satumba, da safe

Na kai wa Mannir makullin akwati. Na ce ya gaya wa Alhaji tankin na aiki, ya sayar wa wanda ya ga dama. Ya ce in rubuta yadda na gyara ko da zai sake lalacewa. Na rubuta, shafi biyu, dalla-dalla, har da taswirar. Ba don su ba. In sabis ya dawo zan sa shi a dandalin nan, ƙarƙashin saƙon mai kifi.

Nura ya ga jakata.

"Ina za ki?"

"Tsafe."

"Sai yaushe?"

"Akwai ofishin 'yan sanda a garin nan, akwai hakimi, akwai alƙali. Ka san sunan kowa da ya je. Ran da ka faɗa wa ɗayansu abin da ka faɗa mini, ka aiko."

"Za su kashe ni."

"Wataƙila."

Ya ɗauki jakar zai raka ni tasha. Na bar shi ya ɗauka har bakin layi, na karɓa.

Alhamis, 30 ga Satumba, bayan La'asar, Tsafe

Innata ba ta tambaye ni komai ba. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakina na da, ta aika a sayo nono. Aka zaga garin aka dawo da kwano wayam. Masu kawowa sun daina zuwa.

Ta dama furar da ruwa. Mun sha haka.